Kada A Goge Adadin Da Ya Fita Zakka Kafin A San Dalilinsa

Ya Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana da 'yan uwana mazauna zangunan Kumasi da Accra, musamman matasa da mata da suka rungumi sana'ar sarrafa abinci. Duk wanda ya zaga Aboabo da Asawase, ko Nima da Madina, zai ga yadda ƙananan masana'antu na man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da garin koko da man kaɗe da ruwan leda suke ƙaruwa. Da yawa daga cikinsu suna neman rajista a wurin hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana domin kayansu su shiga manyan kantuna, wasu ma suna hangen kasuwannin waje, kuma hakan ya tilasta musu fara awo da gwaji da ajiye littafin inganci. Wannan ci gaba ya faranta mini rai ƙwarai, kasancewar duba ingancin hatsi ita ce sana'ata. Sai dai akwai wata ɗabi'a da take shigowa tare da waɗannan littattafai, wadda idan ba a tare ta da wuri ba za ta mayar da awon gaba ɗaya aikin banza. Ɗabi'ar kuwa ita ce goge duk adadin da ya fita zakka a cikin sakamakon awo, a bar waɗanda suka yi kama da juna, a ce na'ura ce ta yi kuskure.

Adadin da nake nufi shi ne wanda ya yi nisa da 'yan uwansa, nisan da zai sa mai dubawa ya tsaya ya sake kallo. Wani lokaci irin wannan baren adadi kuskuren hannu ne, kamar a ce magatakarda ya rubuta 129 a maimakon 12.9, ko an ɗebi samfur daga wani buhu an liƙa masa lambar wani. Wani lokaci laifin na'ura ne, batirinta ya yi sanyi, ko sikeli ya daɗe ba a daidaita shi ba, ko an zuba wa ma'aunin laima masarar da aka kwaso da zafinta daga shanya. Wani lokacin kuma awon daidai yake, kayan ne suka lalace, kuma wannan adadi guda shi kaɗai ne ya faɗi gaskiyar abin da yake cikin sito. A kan takarda dukkansu kamarsu ɗaya, kuma babu wani lissafi da zai iya bambanta su. Iyakar aikin lissafi ya nuna wa mutum adadin da ya kamata ya tuhuma, amma sanin dalili sai an tashi daga kan tebur an je inda buhun yake.

Bari in kawo misali da lissafin da kowa zai iya gwadawa a wayarsa. Masarar da za a ajiye ana so laimarta ta tsaya wajen kashi 13 cikin ɗari, domin idan ta wuce haka da yawa fumfuna tana samun wurin zama. Mu ɗauka an auna buhu goma aka samu 12.8, 13.0, 12.9, 13.1, 12.7, 13.0, 12.9, 13.2, 12.8, sai na goma ya ba da 17.6. Idan aka haɗa goman aka raba, matsakaicin zai fito 13.4, adadin da bai siffanta ko buhu ɗaya ba a cikin goman, domin ya ɓata sunan buhu tara masu kyau, ya kuma rufa wa jiƙaƙƙen asiri. Idan aka goge na goman, matsakaicin zai koma 12.9, takarda ta yi kyau, mai saye ya sa hannu, jiƙaƙƙen buhun kuwa ya shiga sito tare da sauran. Ta kowace hanya aka bi an rasa labarin da awon ya zo da shi, wato cewa akwai buhu tara da suka bushe da guda ɗaya da yake bukatar a buɗe shi.

A nan ne nake so in ja hankalin matasanmu da suka yi karatu, domin su ne ake damƙa wa littafin. Yawancinsu sun fito daga makaranta da ƙa'ida guda a kai, cewa adadi ba ya zama bare sai ya yi nisa da matsakaici har ninki uku na ma'aunin bazuwa, wato gwargwadon yadda adadin suke nisa da matsakaicinsu, wanda ake kira sigma. To, a gwada wannan ƙa'ida a kan misalin da ya gabata. Sigman adadin nan goma ya kai kusan 1.48, kuma nisan 17.6 daga matsakaici 4.2 ne, wato ninki 2.83 kawai, don haka ƙa'idar za ta ce babu komai. Dalili shi ne baren adadin da kansa ya shiga cikin lissafin sigma ya kumbura shi, ya faɗaɗa iyakar da ake son a kama shi da ita. Idan aka lissafa sigma daga buhu taran nan kaɗai, bai wuce 0.16 ba, kuma da wannan ma'auni 17.6 ya yi nisa kusan ninki talatin. Akwai ma abin da ya fi wannan muhimmanci: a cikin awo goma, komai girman baren adadi, nisansa ba zai taɓa wuce ninki 2.85 ba idan da shi aka lissafa sigman, domin lissafin kansa ya hana hakan. Saboda haka wanda yake auna samfur biyar ko takwas ko goma, kamar yadda ƙananan masana'antunmu suke yi, sannan ya dogara da ƙa'idar sigma uku, ba zai taɓa kama komai ba, kuma zai zauna da tabbacin cewa kayansa lafiya suke.

Masana sun daɗe da sanin wannan rauni, shi ya sa suka fito da hanyoyin da suka dace da awo kaɗan. Mafi sauƙi ita ce a jera adadin daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya, wanda a misalinmu 12.95 ne, wato tsakanin na biyar (12.9) da na shida (13.0), kuma ko da buhu na goma ya ba da 30 ba zai motsa ba. John Tukey ya yaɗa wata hanya a 1977 wadda ta ginu a kan wannan jeri: a duba faɗin rabin adadin da yake tsakiya, a ninka shi sau ɗaya da rabi, a ƙara a sama a rage a ƙasa, duk abin da ya faɗa bayan wannan shinge a tuhume shi. A misalinmu shingen sama yana wajen 13.6, don haka 17.6 ya fito fili nan take. Akwai kuma gwajin Frank Grubbs na 1950, wanda ya rage iyakar daga ninki uku na sigma zuwa kusan ninki 2.29 idan awon goma ne, da gwajin Dixon da masu ilimin sinadarai suka saba da shi, wanda yake kwatanta ratar da ke tsakanin baren adadi da maƙwabcinsa da faɗin awon gaba ɗaya. Kowace daga cikinsu tana da nata sharaɗi. Gwajin Grubbs da na Dixon an gina su ne a kan zaton cewa awon yana taruwa a tsakiya ya kuma bazu daidai hagu da dama, kuma idan baren adadi biyu suka zo a gefe guda, ɗaya yakan kare ɗaya har su tsallake gwajin tare. Amma ko da gwajin ya kama adadi, bai ba kowa izinin gogewa ba, ya dai tabbatar da cewa akwai abin bincike.

Wannan fahimta ita ce tushen ilimin kula da inganci tun farkonsa. A 1924 Walter Shewhart, wanda yake aiki da kamfanin Western Electric mai ƙera kayan tarho a Amurka, ya zana jadawalin sa ido na farko, layi a tsakiya da iyaka sama da ƙasa, ana ɗiga kowane sabon awo a kai bisa jerin lokaci. Ya raba bambancin da ake gani a awo gida biyu: ƙananan sauye-sauyen yau da kullum da ba su da wani dalili guda da za a kama, da kuma sauyin da yake da takamaiman dalili wanda za a iya nemowa a gyara. Ya zana jadawalin ne domin a kama kashi na biyu. Ɗigon da ya tsallake iyaka shi ne abin da ake jira, shi ne amfanin duk wahalar awon da aka sha, kuma wanda ya goge shi ya biya kuɗin na'ura da albashin ma'aikaci sannan ya zubar da abin da ya saya. Iyakar jadawalin kuwa, wadda ita ma sigma uku ce, ana lissafa ta ne daga awo masu yawa na lokacin da aiki yake tafiya daidai, shi ya sa sigma uku yake aiki a can, ya kuma kasa aiki a cikin awo goma na rana ɗaya.

Na taɓa tsayawa a wani sito a nan Kumasi ana sauke masarar da aka ɗauko daga Techiman, a lokacin girbin babbar damina, lokacin da iska take da nauyi kuma shanya take wuya. Wani matashi yana soka wa buhuna ƙarfen ɗibar samfur yana zubawa a na'ura, adadi suna fitowa kusa da juna, har aka zo kan wani buhu da ya ba da adadi mai nisa. Mai kayan ya ce masa, "Ɗana, na'urar nan taka ta gaji, sake gwadawa a wancan gefen." Yaron ya ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri in kwance bakin buhun tukuna." Da ya kwance ya nutsa hannunsa har gwiwar hannu, sai ya ji cikin da ɗumi, ƙwayar tana manne wa tafinsa, wani wari kuma yana tasowa. Aka tambayi yaran mota inda buhun ya kwana, suka nuna can baya inda tamfol ya yage, aka jawo maƙwabtansa guda-guda aka auna, aka ware waɗanda ruwa ya taɓa aka baza su a rana. Mai kayan bai yi asarar lodinsa ba, kuma abin da ya cece shi bai wuce kwance bakin buhu ɗaya ba.

Inda lamarin ya fi ba ni tsoro shi ne gyaɗa. Fumfunar da ake kira Aspergillus flavus tana haifar da guba mai suna aflatoksin a gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba. Duniya ta farga da ita ne a 1960, lokacin da talotalo kimanin dubu ɗari suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Brazil. A 2004 ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya ta hanyar gurɓatacciyar masara. Cin ta kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru yana jawo sankarar hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a cikin al'ummarmu. Suya da dafuwa irin na gida ba sa kawar da ita. Abin da ya haɗa ta da maganata shi ne yadda take zama a cikin kaya: ba ta bazuwa daidai, takan taru ne a cikin 'yan ƙwayoyi kaɗan masu ɗauke da guba mai yawan gaske, sauran kuwa lafiyarsu lau. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma idan aka markaɗa buhun gyaɗa, gubar waɗannan ƙwayoyi kaɗan takan shiga kowace kwalba. Don haka idan samfur huɗu suka fito ƙasa, na biyar ya yi tsalle sama, mafi rinjayen zato shi ne na biyar ya ci karo da ɓatacciyar ƙwaya wadda huɗun suka kuskure. A irin wannan awo babu hurumin gwajin Grubbs ko na Dixon, domin sharaɗin da aka gina su a kai bai cika ba. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai, wadda ta ƙayyade maikurogiram 4 (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) na jimlar aflatoksin a kowane kilo na gyaɗar da za a ci kai tsaye, take neman a ɗebi samfur daga wurare ɗari a babban lodi, a tara kilo 20, a niƙa kafin a auna. Mai kayan da ya goge adadi mai tsawo a Kumasi zai sake haɗuwa da shi a tashar jirgin ruwa ta ƙasar waje, bayan ya biya kuɗin dako. Idan kuwa kayan na kasuwar gida ne, 'ya'yanmu ne za su ci.

Akwai wata hanyar gogewa da ba a amfani da abin goge rubutu, kuma ta fi yaɗuwa domin mai yin ta yana ganin bai yi laifi ba. Ita ce a yi ta maimaita gwaji har sai an samu sakamakon da ake so, a rubuta shi, a manta da na farko. A 1993 wata kotun tarayya a jihar New Jersey ta Amurka ta yanke hukunci a shari'ar gwamnati da kamfanin magunguna na Barr Laboratories a kan irin wannan aiki. Hukuncin ya nuna cewa sakamakon da ya saɓa ƙa'ida sai an bincike shi an rubuta binciken, cewa maimaita gwaji dole ya kasance da iyaka, kuma ba a soke sakamakon gwajin sinadari don kawai lissafi ya kira shi bare. A 2006 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da jagora a kan wannan tafarki. Maganar magani ake yi a can, amma hujjar ta hau kan man gyaɗa da ruwan leda daidai wa daida, domin idan kaya suna kan gaɓar faɗuwa, wanda ya gwada sau da yawa dole wata rana sa'a ta ba shi adadi mai kyau.

Abin da yake tona asirin wannan ɗabi'a shi ne gefe ɗaya take kallo. Ban taɓa ganin an sake gwaji don sakamako ya yi kyau fiye da kima ba. Idan laima ta fito 9 a cikin buhunan da suke ba da 13, sai a yi murna a wuce, alhali wannan ma bare ne, kuma yana iya nuna cewa na'urar ta karkace tana rage adadi, ma'ana duk sauran awon ranar abin tuhuma ne. Haka nan littafin da aka cika shafi bayan shafi da adadi masu kama da juna, babu hawa babu sauka, ba ya kwantar wa gogaggen mai bincike hankali, domin kayan gona ba sa zuwa haka.

Ba ina cewa duk adadin da ya yi tsalle a ƙone kaya ko a kwance inji ba. Ko aiki yana tafiya daidai, jadawalin sigma uku yakan yi ƙarar banza kusan sau ɗaya a cikin awo 370, kuma mai injin cika leda da yake murɗa saiti duk lokacin da awo ya ɗan motsa yana ƙara bazuwar kayansa ne da hannunsa. Wani lokaci ma hatsarin ba ya zuwa da tsalle, yakan zo ne a hankali, shi ya sa ake tuhumar awo takwas a jere da suka faɗa gefe ɗaya na layin tsakiya ko da babu wanda ya taɓa iyaka. Abin da nake kira a kai shi ne tsari wanda aka rubuta tun kafin a fara awo, lokacin da babu wanda ya san wa sakamakon zai yi wa daɗi. A rubuta hanyar da za a bi a gane baren adadi, da yawan maimaicin da aka yarda da shi, da wanda yake da ikon soke sakamako. Idan adadi ya fita zakka, a killace kayan da ya fito daga cikinsu, a duba rubutu da lambar samfur, a gwada na'urar da samfurin da aka riga aka san adadinsa, sannan a je a duba kayan da ido da hannu. Idan an samu kuskure ƙarara, a ja layi ɗaya a kan adadin yadda za a iya karanta shi, a rubuta dalili da kwanan wata, a sa hannu, a sake awon. Idan ba a samu dalili ba, adadin yana nan daram a cikin littafi, kuma da shi za a yanke hukunci a kan kayan. Wanda zai kai rahoto ga mai saye ya nuna lissafin da adadin da kuma ba tare da shi ba, ya bar mai saye ya gani da idonsa.

Ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. Kokon Ghana ya yi suna a kasuwar duniya ne saboda sashen kula da inganci na hukumar koko yana auna laima, yana tsaga ƙwaya ya duba cikinta, yana ba da daraja ya buga hatimi, kuma buhun da ya gaza ana mayar da shi a sake shanya ko a sake tsincewa. Manomi yana jin zafin hakan a ranar, amma wannan tsanani ne ya sa ake sayen kokon ƙasar nan da daraja.

Ina roƙon iyayenmu masu jari, Alhazai da Hajiyoyi, da kada su ɗauki yaron da ya kawo musu adadi marar daɗi a matsayin mai yi musu baƙin ciki, domin idan ya ga ana tsawata masa a kan gaskiya zai koyi kawo abin da ake son ji. Ina roƙon ƙungiyoyin 'yan kasuwar hatsi da na mata masu sarrafa gyaɗa da su haɗa kuɗi su sayi ma'aunin laima na tarayya, su riƙa kai shi ana daidaita shi a hukumar kula da ma'aunai ta ƙasa, su kuma nemi malaman jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ɗalibansu 'yan zango su zo su koyar da zana jadawalin sa ido da harshen Hausa, domin takarda mai layi da biro sun isa a fara. Ina kuma roƙon jami'an da suke zuwa duba masana'antu da su riƙa neman ganin adadin da aka soke da dalilin soke su, kada su tsaya a kan shafin ƙarshe kawai. Kai kuma, Malam Edita, idan za ka ware wani shafi lokaci-lokaci domin irin wannan bayani, a shirye nake in aiko da misalan lissafi a kan awon nauyin leda da laimar hatsi, waɗanda masu ƙananan masana'antu za su iya kwafa kai tsaye cikin littattafansu.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai duba ingancin hatsi,
Asawase, Kumasi.